Reshen da Iya Kulu Ta Ƙi Yankewa

Idan ka baro Kura ka nufi Bunkure ta gefen babban kanal, akwai inda za ka hangi wani dogon gini da iska ta kwashe rabin kwanonsa, itatuwan mangwaro sun yi masa rumfa ta gabas. Mu a nan Kamfani muke ce wa wurin, ko da yake rabon da a ji ƙarar inji a ciki tun babana yana firamare. Itatuwan talatin da ɗaya ne. Kakata ce ta dasa su, Iya Kulu, mahaifiyar babana, kuma bara saura ƙiris a ce ba nata ba ne.

Iya Kulu gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Ta haura saba'in, amma har yau ita take share gindin itatuwanta, sanye da wani tsohon takalmin roba na marigayi mijinta wanda ya yi mata yawa. In tana tahowa, tun daga nesa za ka ji faf, faf, faf. Ba ta yi boko ba, karatun allo ma ta ce iyakarta abin sallah. Sai dai in ta ɗora hannu a jikin itace, za ta gaya maka ko ƙishi yake ji ko tsutsa ce ta shige shi.

Mahaifinta, Baballe, manomin dawa ne a zamanin da babu ruwan madatsar Tiga, ana jiran sama kawai. A tsakiyar gonarsa akwai mangwaro guda ɗaya tal. 'Ya'yansa ƙanana ne, masu zare, gefe ɗaya ja kamar an shafa lalle, kuma in ka sha ka haɗiye sai ka ji wani yaji-yaji a maƙogwaro kamar na ɗanyar citta. Babu irinsa a duk karkarar. Yaran gari sun ɗauke shi nasu, Baballe kuwa da baki yake korar su, bai taɓa tashi daga inuwa ya bi kowa ba.

Tana amarya aka zo da maganar noman rani. Gwamnati ta auna gonaki, katafila ta shigo ta baje komai, da kunya da gamba mai raba iyaka da itatuwa, aka ja kanal, sannan aka mayar wa kowa fili da lamba. Iya ba ta taɓa zagin wannan aiki ba. Takan ce, “Ruwan nan shi ya sa muka san shinkafa ba sai da salla ba.” Amma ranar da aka tuge mangwaron Baballe ta je gida ganin iyayenta, kuma itacen cike yake da nunannun 'ya'ya. Ta tsaya har katafila ta wuce, ta cika zanenta, ta koma ɗakinta. Kwana uku tana sha tana tara ƙwallayen.

A lokacin kakana, Malam Sammani, ya samu aikin gadi a kamfanin niƙa tumatir da wani Bature ya gina a bakin kanal. Aka ba su ɗaki a cikin shingen waya, saboda haka duk filin nan ya zama kamar tsakar gidanta, tana yawo ba mai ganin ta. Gwangwanayen da suka lotse ake zubarwa a bayan gini, ta kwaso, ta huda gindinsu, ta zuba ƙasa da takin awaki, ta binne ƙwallo ɗaiɗai. Arba'in ta shuka. Tara suka ƙi.

A nan ta haɗu da Sabina, matar Elias makaniken kamfanin, wanda kowa ke kira Iliya. Daga wajen Kafanchan suka zo, kuma mahaifin Sabina a lambun 'yan mishan ya yi aiki, don haka ta tashi ta iya yi wa itace aure, wato a yanko reshen mai daɗi a manna a jikin wani ya kama. Ta ga gwangwanayen Iya a jere, ta riƙe haɓa.

“Wannan ɗan zaren za ki dasa har talatin? Wa zai saya?”

“Ni na ce miki sayarwa zan yi?”

“To haƙoranki za ki azabtar ke nan. Bari su yi ƙwari, in nuna miki abin arziki.”

Da shekara ta zagayo, Sabina ta dawo daga Kirsimeti da rassan mangwaron nan mai zaƙi, Binta Siga, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ta koya wa Iya yadda ake fere reshe da reza, a tsaga jikin uwa, a cusa, a ɗaure tam da leda kada iska ta shiga. Sannan ta ba ta doka guda: in auren ya kama, duk wani reshe na uwar sai an sare shi, in ba haka ba zai riƙa shanye abincin baƙon.

Iya ta ce to. Auren ya kama. Ta ɗauki wuƙa ta sare, ta sare, har ya rage reshe ɗaya a itacen farko, sai hannunta ya tsaya. Ta bar shi. Ta je na biyu, haka. Da Sabina ta zo duba aiki ta tarar kowane itace da reshen uwa guda yana kaɗawa.

“Kulu! Me na ce miki?”

“Na ji ki, Maman Fibi.”

“Kin ji, amma kunnen na ado ne. Wannan ai ɓarna ce. Ubana da ya ga haka sai ya kore ki daga lambu.”

“To ai ba lambun ubanki ba ne. Na ubana ne, shi ya sa na bar masa wurin zama.”

Sabina ta ce daga ranar ta san ta gamu da mai taurin kai, kuma shekara hamsin ke nan ba su daina wannan musu ba. Iliya ya rasu, 'yarsu Fibi tana aikin jinya a Zariya, ta yi ta yi uwar ta koma wurinta, Sabina ta ce ba ta barin mahaukaciyar nan ita kaɗai da wuƙa.

Maganar hannun jari kuwa daga baya ta zo. An yi doka cewa baƙi su saki wani kaso na kamfanoninsu ga 'yan ƙasa, sai Baturen ya raba wa ma'aikatansa takardu. Malam Hashimu akawu ya samu kaso mai kauri, kakana da Iliya suka samu ɗan abin da ya samu. Ba a jima ba gwamnati ta karɓe kamfanin ɗungurungum, Bature ya tafi, aka turo manaja daga Kano. Ma'aikata suka tambayi matsayin takardunsu, aka ce ana dubawa. Jami'an da suka zo karɓa sun rubuta duk abin da idonsu ya gani, gini da inji da motoci biyu, har da itatuwa talatin da ɗaya. Babu wanda ya tambayi matar mai gadi. Bayan 'yan shekaru injin ya tsaya, manaja ya daina zuwa, kakana ya ci gaba da gadin abin da babu mai sata har Allah ya karɓi ransa. Takardarsa ta yi shekaru a ƙasan kwallar Iya, tare da turaren wuta, har ta ɗauki ƙanshi.

Mangwaron ne ya riƙe gidan. Kowace bazara dillalai suna zuwa su kwashi Binta Siga a kwanduna. Reshen uwa kuwa Iya ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba, na yaran makaranta ne da masu tsinkar tumatir in rana ta yi musu zafi. Manya ba sa kula shi. Wa zai bar Binta Siga ya je yana sakace?

Bara aka fara jin cewa gwamnati za ta ba masu injin casar shinkafa wurin. 'Ya'yan Malam Hashimu suka shigar da ƙara a Kano, suka ce hannun jarin ubansu bai mutu ba, ba a taɓa saye shi ba, don haka suna da haƙƙi a filin da duk abin da ke kansa. Gwamnati ta ce tun ranar da ta karɓa komai ya zama nata. Mu dai muna jin labari a bakin mutane, har wata safiya da mangwaro ya yi fure, ƙudan zuma na ta kuka a sama, mota ta tsaya a bakin shinge. Babban ɗan Malam Hashimu ne, Mudassiru, da wani dillali a bayansa. Ina wurin, na kawo wa Iya koko.

Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ba zan yi masa ƙarya ba.

“Iya, kin gane ni?”

“Mudan Hashimu? Kai da ka yi fitsari a zanena ranar sunan ƙanwarka? Ka yi tumbi.”

Ya yi dariyar yaƙe, ya ciro takarda. Ya ce lauyansu ya ce su fara nuna ikonsu a kan kayan kamfani, kuma ga lissafin gwamnati da kanta ya nuna itatuwan kayan kamfani ne. Saboda haka bana ya sayar wa wannan bawan Allah amfanin tun yana fure. Ya ce ba zai manta da ita ba, za a riƙa ba ta wani abu na kula.

Iya ta ajiye tsintsiya.

“Za a ba ni ladan gadi ke nan,” in ji ta.

“Ba haka nake nufi ba, Iya.”

“Muda, gini naku ne ko na gwamnati, ku kuka sani. Ko ƙusa ban taɓa cirewa ba. Amma waɗannan, in ka ɗora musu tsani, sai dai ka taka ni ka hau.”

Aka kai magana gaban Dagaci. Shi ma dattijo ne, ba zai girme wa Iya ba, kuma ya ce a zauna a gindin itatuwan tunda a kansu ake magana. Aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zo, aka kira Malam Musbahu malamin gona. Sabina ta iso da sandarta ba wanda ya gayyace ta.

Dagaci ya fara da cewa maganar fili da hannun jari tana gaban alƙali, shi ba zai sa baki ba. Amma itace, tun kaka da kakanni, na wanda ya dasa ne, ko da a gonar wani yake. Mutum yakan sayar da gona ya riƙe ɗorawarsa, kowa ya san wannan. Tambaya ɗaya ce: wa ya dasa?

Mudassiru ya miƙa takardarsa. Sabina ta ce ita ce shaida, da hannunta ta kawo rassan.

“Ranka ya daɗe,” in ji Mudassiru, “Mama Sabina uwa ce a wurina, amma aminiyarta ce. Kuma su ma suna da takardar jari.”

“Takardar da ɓera ya ci rabi?” in ji Sabina. “Zo in ba ka, ka haɗa da taka.”

Aka yi dariya. Dagaci ya ɗaga hannu, ya ce Malam Musbahu ya zagaya ya duba. Ya ɗauki lokaci, yana ɗaga kai, yana murza ganye. Da ya dawo sai ya ce abin da ya gani ya ɗaure masa kai: kowane itace iri biyu ne a jikinsa, an bar reshen uwa guda. Ya ce duk wanda aka koya wa aikin nan a makaranta ko a kamfani, abu na farko da ake gaya masa shi ne ya sare wannan reshe. Mutum zai iya mantawa sau ɗaya, amma ba sau talatin da ɗaya ba.

“Na gaya mata!” Sabina ta buga sanda a ƙasa. “Shekara hamsin ina gaya mata!”

Mudassiru bai karaya ba. Ya ce wannan ya nuna an yi aikin banza ne kawai, bai nuna wanda ya yi ba. Kamfani ma yana iya ɗaukar lebura marar kai. Gaskiya maganarsa tana kan hanya, kuma na ga wasu dattawa sun gyaɗa kai.

Sai Iya ta gyara mayafi ta ce, “Allah ya ja zamaninka, in yi tambaya?”

“Bismilla, Kulu.”

“Ka tuna mangwaron gonar Baballe?”

Dagaci ya yi tari. Wani tsoho a gefensa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

“An ce akwai shi,” in ji Dagaci.

“An ce? To. Shi ne uwar waɗannan duka. Bature bai san shi ba, katafila ta riga shi zuwa. A bar su su nuna. In an sha ba a ji Baballe ba, Muda ya kwashe har ganyen.”

Haka aka tsayar. Babu mai taɓa ko ɗaya, ko ita ko shi, sai sun nuna. Dillali ya koma da kwandunansa.

Wata biyu da rabi muka yi muna jira. Iya ta rame. Ba ta faɗa ba, amma na san abin da ke cin ta: ba ta tabbata tsofaffin nan za su tuna ba. Shekara hamsin ba kwana hamsin ba ce, harshe ma yana tsufa. Wata rana ina taya ta ban ruwa ta ce da ni, “Mansura, in suka ce ba su ji komai ba fa? Ko ni ce kawai nake jin citta saboda ina so in ji?” Ni kuwa da na tashi ina shan sa ban san wani mangwaron zare da zan gwada shi da shi ba. Sabina ce take zuwa kullum da hantsi, ta zauna ta ishe ta da tsiya har sai ta ci abinci.

Ranar da aka sa, zafi ake kamar a gasa gurasa a ƙasa. Dagaci ya ce kada a ɗebo daga itace ɗaya. Malam Musbahu ya bi su duka, ya tsinko ɗaiɗai daga reshen uwa, ya cika daro. Mudassiru kuma, da izinin Dagaci, ya sayo mangwaron zare a kasuwar Bunkure aka zuba a wani daron, aka lulluɓe duka biyun da zane don kada launi ya ba da amsa. Dattawa huɗu da suka yi yarinta kafin zuwan ruwa aka zaunar, har da Dagacin. Aka fere, aka miƙa musu a faranti biyu.

Suka sha na farko. Suka kurkure baki.

Suka ɗauki na biyu. Dagaci ya tsotsa, ya haɗiye, ya tsaya. Na ga maƙogwaronsa ya motsa sau biyu. Ya juya ya kalli tsohon da ke gefensa, Malam Jamaluddeen limamin masallacinmu, shi kuma ya riga ya rufe ido yana girgiza kai.

“Kai, Liman,” in ji Dagaci, a wata murya da ban san shi da ita ba, “wa ya faɗo daga reshen yamma ya fasa haɓa?”

“Wa ya ce in hau, shi zai tsaya gadi, da ya hango Baballe ya zura da gudu ya bar ni?”

“Ni gudu na yi in kira taimako!”

“Har yau taimakon bai iso ba, ranka ya daɗe.”

Wurin ya kaure da dariya. Liman ya ɗaga gemu ya nuna tabon. Sauran biyun suna ta rantsuwa, ɗaya yana cewa ga cittar nan, ga ta nan a maƙoshi. Malam Musbahu ya yaye zane, farantin na biyu daga daron Iya yake. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, Sabina ta dafa ta tana cewa, “To, to, ya isa, mai kunnen ƙashi. Yau dai ɓarnarki ta yi rana.”

Dagaci ya goge hannu ya koma muryarsa ta sarauta. Ya ce itatuwa na Kulu 'yar Baballe ne, ita da zuriyarta, muddin suna tsaye, kuma zai rubuta wa Hakimi da kotu haka, domin duk wanda ƙasar ta faɗa hannunsa ya san da mai itace a kai. Mudassiru ya matso ya durƙusa.

“Iya, a yafe ni. Abin da na gani a rubuce na bi.”

“Ai ubanka ma rubutu ya sani, Allah ya jiƙansa. Ungo, sha. Kai kaɗai ne ba ka ɗanɗana abin da ka sayar ba.”

Ya sha uku a zaune. Da zai tafi yana ta fama da zare a haƙori, ta sa aka cika masa buhu da Binta Siga ya kai wa iyalinsa.

Shari'ar Kano har yanzu ba a gama ba. An ɗaga ta sau huɗu, kuma wani lauya ya zo neman takardar kakana, Iya ta ciro ta daga kwalla ta ba babana ta ce su je su ƙarata, in an samu wani abu a gyara rufin masallaci. Masu injin shinkafa sun zo sun auna sun tafi. Malam Musbahu ya gaya mana gaskiya, cewa in gwamnati ta ci, tana iya biyan diyya ta sare, takardar Dagaci ba za ta tare katafila ba.

Iya ta ji, ta ce to. Da ma ƙwallayen reshen uwa da dattawa suka tsotse ranar nan ba ta bari an zubar ba, har da ukun Mudassiru. Yanzu suna bayan ɗakinta a gwangwanayen madara, biyar sun tsiro sun yi ganye shida-shida, kuma ta riga ta raba musu gidaje: biyu gonar babana, ɗaya harabar masallaci, ɗaya cocin su Sabina, ɗaya ƙofar gidan Dagaci don ya huta da hawa na mutane. Sabina ta ce in Allah ya kai mu sanyi za ta yi musu aure da hannunta, kuma wannan karon ita za ta riƙe wuƙar. Iya ta ce Allah ya kai mu. Jiya da na je share mata ɗaki na tarar da wuƙar a ɓoye a ƙasan kwalla, inda takardar take a da.